Oregano da murar hunturu: abin da nake gaya wa masu saye a wurina

Tun da sanyin bana ya kankama, babu abin da ake tambayata kamar oregano. A da ƴan mata masu yin shawarma da fiza na sayarwa ne kawai ke nemansa a wurina, su ma kaɗan-kaɗan. Yanzu har tsofaffin da ba su taɓa jin sunansa ba suna aiko jikoki da kuɗi ƙulle a leda. Musabbabin abin wani saƙon murya ne da ke yawo a zaurukan WhatsApp na mata, inda wata mai zaƙin baki ke rantsuwa cewa ganyen yana kashe ƙwayar mura a kwana ɗaya, ya fi allura, ya fi ƙwayar asibiti, wai Turawa ma ɓoye mana shi suke yi. An turo mini shi a zauren malaman makarantarmu, an turo a na dangi, an turo har a zauren bikin ƙanwar maigida, wanda aka gama tun bara amma aka ƙi rushewa.

Ga wanda bai san ni ba, malama ce ni, ina koyar da kimiyyar halittu a wata kwaleji a nan Maradi. A gida kuma, a unguwar Zariya, ina haɗa kayan yaji da kayan shayi ina sayarwa, don duk wanda ya san albashin ɗan kwantaragi ya san ba a jingina da shi shi kaɗai. Saƙon nan dai riba ya jawo mini. Sai dai don tuwon gobe ake wanke tukunya, kuma matan da ke saye a wurina gobe ma zan gan su a suna da biki. Shi ya sa na ga gara in rubuta abin da nake faɗa musu baki da baki. Ina sayar da oregano, ina shan shayinsa idan mura ta kama ni, kuma ina jin daɗinsa a maƙogwaro ƙwarai. Amma ba ya warkar da mura, ballantana babbar murar nan mai kayar da mutum.

Oregano ciyawa ce gajera mai ƙamshi, asalinta ƙasashen da ke kewaye da tekun Bahar Rum, irin su Girka da Turkiyya da Italiya, inda take fitowa da kanta a gangaren duwatsu. Masana tsirrai suna kiranta Origanum vulgare, kuma gidansu ɗaya da na'ana'a da ɗoɗɗoya da tayim ɗin da muke zubawa a dafa-duka. Idan ina koyar da wannan dangin a aji, reshen ɗoɗɗoya nake tsinkowa in ba yara su murza karansa a tsakanin yatsu, su ji yana da kusurwa huɗu, su kuma ga ganyen bibbiyu suna kallon juna. Oregano ma haka yake. Turkiyya na cikin manyan masu fitar da busasshensa zuwa kasuwannin duniya, musamman daga yankin Denizli. Nawa daga Kano yake zuwa, ya biyo ta Katsina da Jibiya ya shigo ta Ɗan Isa, kamar yawancin abin da ke Babbar Kasuwa. A kantunan Yamai kuma za ku gan shi a ƙananan kwalabe an rubuta origan.

Wasu suna kawo mini garin za'atar da alhazai ke dawowa da shi daga Saudiyya, suna tambaya ko shi ne. Ganyen da ke cikinsa sau da yawa ɗan'uwan oregano ne na ƙasar Sham, amma an haɗa shi da riɗi da gishiri da wani jan gari mai tsami. Na cin burodi da man zaitun ne. Wanda ya tafasa shi da sunan shayi, romon gishiri zai sha.

Mai kyau kuwa ba ya ɓuya. Gutsattsarin ganye ne ƙanana, kore da ya ɗan ja zuwa ruwan toka, da ƴan ƙananan kawunan fure a ciki. Ki ɗebi kaɗan ki zuba a tafin hannu, ki murza da babban yatsa. Kafin ki kai hanci ƙamshin ya riga ya iso, mai kaifi, yana hawa har tsakiyar kai. Ki ɗora ɗan guntu a harshe, za ki ji ɗaci-ɗaci da ɗan zafi, harshen ya ɗan yi nauyi na ɗan lokaci. Idan kika murza kika ji warin busasshiyar ciyawa kawai, ko dai ya tsufa ko an yi masa algus. Algus ɗin ma ba a nan kaɗai ake yi ba. A shekarar 2015 masu bincike a wata jami'a da ke Belfast sun gwada samfur 78 na oregano da aka sayo a kantunan Birtaniya da Ayalan da kuma ta intanet, suka tarar 19 an cakuɗa su da wasu ganyaye, galibi na zaitun da wani itace mai kama da shi, a wasu har algus ɗin ya fi rabi. In haka ta faru a can inda ake da masu sa ido, sai ku ƙiyasta buhun da ya ratsa hannu biyar kafin ya iso Maradi. Ni duk kayan da aka kawo mini sai na murza na shinshina kafin in biya.

Yadda nake haɗa shayin ba shi da wata wahala. Ƙaramin cokali ɗaya na busasshen ganye a kofi, in zuba ruwan da ya tafasa, in kife faranti a kai, in bar shi minti 5 zuwa 10. Rufewar nan ita ce muhimmiya. Abin da ke ba ganyen ƙarfi mai ne mai saurin tashi da tururi, shi ya sa idan kika ɗaga farantin za ki ga ɗigo-ɗigo a cikinsa masu ƙamshi fiye da ruwan kofin, sai ki karkata su koma ciki. Masu zuba shi a tukunya su bar shi yana ta ɓararraka kamar ganyen ataya, sun ƙamsasa madafa ne kawai, abin da ya rage a tukunyar ɗaci ne. Idan na tace, sai ya ɗan huce in sa zuma cokali ɗaya da matsin lemun tsami. Kofi biyu ko uku a yini ya isa babba.

Da asuba a watan Janairu, lokacin da buji ya kwana yana zuba, aka tashi hanci a toshe, leɓe a tsage, maƙogwaro yana ƙaiƙayi, kofin nan yana yin aiki. Kurɓa ta farko za ki ji ɗumi ya bi maƙogwaro, ƙaiƙayin ya lafa, majina ta saki, tarin da ke tsinka miki magana ya ɗan ja baya. Da shi nake iya tsayawa gaban aji cike da yara in yi magana awa biyu. Wannan amfani ne na gaske, ban raina shi ba. Zuwa azahar kuwa murar tana nan inda take.

To daga ina maganar kashe ƙwayar cuta ta samo asali? Ba daga iska aka ɗauko ta ba. A cikin man oregano akwai sinadarai biyu da suka yi suna, karbakurol da timol. Idan aka ɗiga su a kan ƙwayoyin bakteriya a farantin ɗakin gwaji, suna lalata fatar ƙwayar ta mutu, wannan an gwada an sake gwadawa. Akwai kuma wani bincike na Jami'ar Arizona a Amurka da aka buga a 2014, wanda masu tallar man ke yawan ambato, inda aka ga karbakurol yana farfasa rigar wata ƙwayar birus. Abin da ba sa faɗa shi ne, birus ɗin na ɓeraye ne, daga dangin da ke sa amai da gudawa, kuma masu binciken abin goge tebur da kayan abinci suke nema. Ruwan jabel na wanki ma yana kashe ƙwayar cuta a kan tebur, amma ba wanda ya ce a sha. Tsakanin farantin gwaji da jikin ɗan Adam akwai tafiya mai nisa. Birus ɗin mura yana shiga ne cikin ƙwayoyin halittar da ke shimfiɗe a hanci da maƙogwaro ya hayayyafa a can ciki. Shayin kuwa ciki yake wucewa, ɗan sinadarin da ke cikinsa hanji ya tsotse, hanta ta sarrafa shi, ya fita da fitsari. Abin da zai kai hanci bai taka kara ya karya ba.

Gwajin da na ga ya fi kusa da maganarmu an yi shi ne a Isra'ila, aka buga a 2011. Marasa lafiya 60 masu mura da ciwon maƙogwaro aka raba gida biyu. Wasu aka ba su abin fesawa a maƙogwaro mai ɗauke da man tsirrai biyar, ciki har da oregano na Sham da na'ana'a da itacen turare, sauran aka ba su na bogi. Bayan minti 20 da fesawa, waɗanda suka samu na gaskiyar sun fi jin sauƙi. Bayan kwana 3 babu bambanci tsakanin ɓangarorin biyu. Da na karanta sai na yi dariya, don abin da kofina ke gaya mini kowace safiya ke nan.

Wani ɓangare na sauƙin ma daga zafin ruwan yake. A 2008 cibiyar binciken mura ta Jami'ar Kadif a Birtaniya ta gwada abin sha iri ɗaya a kan mutum 30 masu mura, wasu da zafinsa, wasu a huce. Masu shan mai zafin sun fi samun sauƙin ciwon maƙogwaro da jin sanyi da kasala, alhali da aka auna iskar da ke ratsa hancinsu ba ta ƙaru ba.

Abin da ke sa kowane maganin mura ya yi suna kuwa shi ne halin murar kanta. Ƙwayoyin birus fiye da iri 200 ne ke kawo ta, kuma jiki da kansa yake gamawa da su cikin kwana 7 zuwa 10, ko da yake tarin kan iya jan ƙafa har mako uku. Ta fi tsanani a rana ta biyu da ta uku, daidai lokacin da mutum ke gajiya ya fara neman magani. Duk abin da ya sha a ranar, shi zai kwashi yabo idan sauƙi ya zo, ko oregano ne, ko jiƙo, ko kafso daga farantin mai talla.

Innarmu ta zo daga Tibiri kwanakin baya ta tarar da ni ina ƙulla shi a leda. Ta ɗebi kaɗan, ta murza, ta shinshina, ta tambayi kuɗinsa. Da na faɗa mata sai ta mayar da shi cikin roba a hankali, ta kakkaɓe hannu.

"Ke ɗiyata, wanga ai ɗoɗɗoya ce ta tahi aikin Hajji ta komo da tsada."

"Inna, ba iri ɗaya ba ne, dangi ne dai."

"To dangin nan namu na bayan ɗaki mi ya yi muku?"

Ban da amsar da zan ba ta, don tana da gaskiya fiye da yadda take zato. Akwai irin ɗoɗɗoyar Afirka ta Yamma da manta ke ɗauke da timol mai yawa, sinadarin nan dai da ake tallar oregano da shi. Tayim na ƙullin dala ashirin da ke kowane teburin mai kayan miya shi ma timol ne ƙarfinsa, kuma hukumar kula da magunguna ta Tarayyar Turai ta amince da shi a matsayin maganin gargajiya na tari mai majina da ke zuwa da mura. Wato a takarda ma tayim ya fi oregano tsayuwa da ƙafafunsa a kan maganar tari.

Mu da muka tashi a hannun Inna, idan hunturu ya shigo akwai ƙaramar tukunyar da ba ta sauka daga murhu. Busasshiyar citta, kanumfari, kimba, masoro, a ɗan daddaka su a turmi ba a mayar da su gari ba, a tafasa, a tace, a zuba ruwan tsamiya ko lemu, wanda ya samu zuma ya sa. Mai mura a dama masa kunun tsamiya mai yaji da zafinsa, ya sha ya lulluɓa ya yi gumi. In da hali a yi masa farfesu. Ba zan yi son kai ba, tukunyar Inna ma ba ta kashe birus. Aikinta ɗaya da na oregano: ɗumi, ruwa a jiki, yajin da ke sa majina ta tsinke, da samun abin da marar lafiya zai iya haɗiya lokacin da abinci ya fita ransa. Bambancin shi ne kuɗin da za ki kashe a kwalbar oregano guda zai cika miki gwangwani da kayan Inna har sanyi ya wuce. Wanda cittar ke tayar masa da gyambon ciki, ko wanda bai son yaji, shi ne nake ce wa ya gwada oregano, don ya fi sauƙi a ciki. Ni kaina wani lokaci haɗa su nake yi, oregano da ɗan yankin ɗanyar citta.

Zumar ma kada a raina ta, don cikin duk abin da ke kofin tana cikin waɗanda aka fi samun shaidar suna rage tarin dare ga yara. Amma ba a ba jaririn da bai cika shekara 1 ba, ko ɗan lasawa, saboda tana iya ɗauke da ƙwayar da hanjin jariri bai iya yaƙa ba, mai saki jiki har ta hana numfashi. Na san wannan magana tana yi wa kakanni nauyi, na sha faɗa a kanta a gidan suna. Wanda bai kai wata 6 ba kuwa ba shayi, ba jiƙo, nono kawai, a ƙara yawan ba shi.

Inda na fi damuwa shi ne man oregano, wanda ake sayarwa a ƴan kwalabe masu duhu da ɗan bututun ɗigawa. Ni ba na sayar da shi kuma ba zan sayar ba. Ana tara ganye mai yawa a tatso ɗan kaɗan, har karbakurol yakan wuce rabin abin da ke kwalbar. Wata maƙwabciyata ta yi odarsa a wurin wata mai talla a Facebook, aka aiko mata a motar Yamai, kuɗin da ta biya ya isa cefanen kwana biyu. Ta ɗiga a ƙarƙashin harshe kamar yadda aka nuna a bidiyo. Da ta shigo gidana mayafi ne a bakinta. Ta buɗe na ga cikin leɓen ƙasa ya yi fari ya saɓule, gefen harshen ya yi ja wur, miyau yana ta zuba. Kwanaki ta yi tana shan koko mai sanyi da cokali, ga mura ba ta tafi ba. Abin da ya fi tayar mini da hankali, cewa ta yi da ya yi mata daɗi da ɗanta za ta ɗiga wa a hanci. Don Allah kada a kusantar da man nan ga yara, ba a baki ba, ba a hanci ba, ba a ƙirji ba. Mai ciki ma ta bar shi, ta kuma bar shan shayin da yawa, ɗan abin da ake barbaɗawa a abinci ne ba komai. Mai shan maganin tsinka jini ko na ciwon suga ya tambayi likitansa tukuna. Wanda na'ana'a ko ɗoɗɗoya ke sa wa ƙaiƙayi, wannan ma zai iya sa masa.

Sirace kuma, babba in yana so ya yi, ya zuba ganyen a ruwan zafi ya lulluɓa, zai ji hanci ya ɗan buɗe. Yaro ne ban yarda ba. Tukunyar tafasasshen ruwa da yaro mai mutsu-mutsu a ƙarƙashin bargo ɗaya, ƙuna ce ke jira. Hancin yaro ruwan gishirin farmasi ake ɗiga masa. Kaskon gawayi da ake kwana da shi a ɗaki a rufe saboda sanyi shi ma yana ƙara tari, kuma iskarsa tana kisa cikin barci.

Ƙanwata ma'aikaciyar jinya ce a wani asibitin unguwa, kuma ita ce ta fi ni jin haushin saƙon muryar nan. Ta ce ita ba ganyen ne ya dame ta ba, kwanakin da ake ɓatawa ne. Uwa ta ga yaro da zazzaɓi da tari, ta ce mura ce, ta yi kwana uku tana ba shi shayi, sai ya fara shiɗewa a rungumo shi a kan kabu-kabu. A garin nan abubuwa da yawa suna shigowa da rigar mura. Zazzaɓin cizon sauro bai gama tafiya da damina ba, kuma gwajinsa ɗigon jini ne daga yatsa, cikin minti 15 zuwa 20 an sani. Ƙyanda da majina da jan ido da tari take farawa kafin ƙuraje su fito. Mashaƙo, wanda ya ɓarke a ƙasar nan a 2023, musamman a jihar Damagaram, da ciwon maƙogwaro yake farawa, sai wuya ya kumbura. Sanƙarau kuma lokacinsa ke nan, daga sanyi zuwa bazara, kuma ba mu manta 2015 ba da ya kama fiye da mutum 8,000 a Nijar. Zazzaɓi mai zafi da ciwon kai mai tsanani da sanƙarewar wuya, wannan ba a kwana da shi a gida.

Ita babbar mura, wadda likitoci ke ce wa girip, ba ta sallama. Mutum yana cikin aikinsa da safe, kafin la'asar yana kwance yana rawar ɗari, gaɓoɓi duk suna ciwo, kai kamar ya tsage. Ƙaramar mura a hanci take zama, mutum yana yawonsa da tsumman share majina. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa girip yana kashe mutum 290,000 zuwa 650,000 a duniya kowace shekara ta hanyar ciwon numfashi. Mai ƙarfi yakan tashi da hutu da ruwa da parasetamol, shayin oregano ma ya sha in yana so. Amma tsoho, da mai ciki, da ƙaramin yaro, da mai asma ko ciwon suga ko na zuciya, likita za a kai su da wuri. Yaro mai irin wannan zazzaɓin kuma ba a ba shi asfirin.

Abu ɗaya da ƙanwata ta koya mini, nake kuma koya wa duk uwar da ta zo sayen ganye don yaro, shi ne ƙirga numfashi. Ki bari ya natsu, ba yana kuka ba, ko yana barci ma ya fi. Ki ɗaga rigarsa ki kalli ciki. Ki buɗe agogon wayarki, ki ƙirga sau nawa cikin ya taso a minti ɗaya cif, kada ki ƙirga rabi ki ninka. Jaririn da bai kai wata 2 ba, idan ya kai 60 ya yi yawa. Daga wata 2 zuwa wata 11, iyakar 50 ce. Daga shekara 1 zuwa 5 kuma 40. Ki kuma duba ƙasan haƙarƙarinsa: idan wurin yana lotsawa ciki duk lokacin da ya ja numfashi, alamar limoniya ce mai tsanani, sanyi ya sauka a huhu. Haka idan ya ƙi nono, ko yana amayar da komai, ko ya yi laushi ba ya farkawa sosai. A nan ne antibiyotik ke ceton rai, bisa umarnin ma'aikacin lafiya. Shi kuwa amoksisilin da ake saye ƙwaya huɗu a wurin masu yawo da magani a rana don an ji majina, ba abin da yake yi wa birus, sai dai ya koya wa bakteriya yadda za su jure masa ranar da ake bukatarsa da gaske.

Shekaranjiya wata Hajiya ta aiko a auna mata rabin tiya. Na kira ta na ce, "Hajiya, ƙulli biyu ya ishe ku har sanyi ya fita, sauran zai mutu ne a ajiye." Zafin Maradi ba ya barin ƙamshin ganye, in ya yi wasu watanni a leda sai dusa. A kwalba mai murfi ake sa shi, nesa da rana da murhu. Wanda ya rage bayan mura ta wuce a kai shi madafa, can ne ma ya fi ƙwarewa: a miyar tumatir, a gasasshen kifi, a ƙwai, a naman da za a gasa tare da tafarnuwa da lemun tsami. Kaɗan ake sawa, yana da mamaye miya.

Na kuma fara gwada shuka shi. Ɗan'uwan maigida ya kawo mini iri, na zuba a tsofaffin robobin fenti da na huda ƙasansu, cikin rairayi da ɗan taki, don ba ya son ruwa ya kwanta masa. Irin ƙanana ne ƙwarai, ba a binne su, a sama ake barbaɗawa a danna da hannu. Sun fito, kuma sanyin nan ya karɓe su. Jarrabawar tana watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, shi ya sa tun yanzu na matsar da robobin gindin dogon yaro inda rana ba ta dukansu sai da safe. Idan sun kai damina, reshe ake yanka a dasa kamar na'ana'a, kuma akwai wata mai kawo mini zogale daga Jiratawa da ta ce in ajiye mata, za ta gwada a gefen fadamarta.